Yadda Na Zama Hajiya Tahfid

Kun tashi kun tarar ana kirana Hajiya Tahfid, kuma babu ɗaya a cikinku da ya taɓa tambayata ko sunan yana yi mini daɗi. Ku ma kun ɗauka kun ɗora a kan bakinku. Da an karya farashin wani abu a kanti sai yayanku Sani ya bugo waya yana dariya, wai in shirya ya zo ya kai ni, yau ranata ce. Jikokina da ba sa iya haɗa magana biyu da Hausa, wannan suna kam sun iya shi sarai, tunda tahfid kalmarsu ce ta Larabci, abin da mu muke ce wa rangwame. Labarin da kuka sani shi ne uwarku ta ga kwalaben miyar gashin nama an yi musu rangwame, son banza ya ja ta, ta ɓata ragon sunan jikan Alhaji Bukari a gaban baƙi. Haka kuka ji, kuma da bakina na faɗa. To, ba haka aka yi ba. Babanku ya koma ga Allah, Alhaji ya riga shi, matarsa Hajiya Kaltume ma tana kwance a maƙabartar Baƙi'a, nan Madina. Duk wanda maganar za ta kunyata ya tafi, saura ni, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kunnena ya ɗauki zafi.

Ku kun fi tuna babanku da furfura, yana zaune a kan kujera yana ba da umarni. Ba ku san shi sosai ba lokacin da yake da ƙarfinsa a tsaye gaban wuta. Babanku Malam Idi ɗan mahauta ne daga Maraɗi, aikin hajji ya kawo shi, wuƙarsa ta zaunar da shi. Rumfarsa tana Al-Azizya, a wani lungu bayan masu sayar da gawayi, kuma daga la'asar zuwa isha ba ka rasa mutane tsaye suna jiran abin da Larabawa ke kira siriya, wato tsirenmu na gida da suka lanƙwasa wa suna. Yakan yanka naman fale-fale har kana hango yatsansa ta ciki, ya tsire, ya birkiɗa a yaji da garin ƙuli, ya shafa man gyaɗa, sannan ya kakkafa tsinkayen kewaye da wuta a kan tukubar da ya gina da hannunsa. Yajin kuwa ni ke daka shi. Amma rumfar ba tamu ba ce a gaban hukuma. Alhaji Bukari ɗan ƙasa ne, ko da yake shi ma Takari ne irinmu, wato mutanen ƙasashenmu mazauna nan, kakanninsa suka zo da ƙafa ta Sudan, da sunansa aka buɗe wurin, kuma a ƙarƙashinsa muke zaune a garin nan. In ya juya mana baya babu rumfa, babu zama. Ku riƙe wannan, domin in ba ku riƙe shi ba ba za ku gane me ya sa babba kamar babanku ya yi abin da ya yi ba.

Shekarun nan kuɗin fetur sun ratsa gari, ƙarnin hijira sabo ya shigo da kaɗan. Ko'ina gini, ko'ina sababbin kantuna masu ƙofar gilashi da sanyi a ciki, inda kai da kanka za ka ɗauki kaya ka tura a ɗan keke. Abin gwangwani da abin kwalba suka zama su ne wayewa. Mu kuma sai muka fara jin warin kanmu. Ba na ce ƙamshi ba, domin a lokacin wari muka ɗauke shi. Sani ya dawo daga makaranta wata rana ya cire tufarsa ya jefar, ya ce yara sun ce yana tashin ƙuli. Ni kaina in zan daka yaji sai in rufe tagogi, ina atishawa ina hawaye cikin zafin Madina, don kar maƙwabciyarmu ta sama ta ji ta leƙo. Ba wanda ya sa ni. Matar nan ba ta taɓa ce mini komai ba, hasali ma takan aiko a saya mata tsire. Ni ce dai nake jin kunyar turmina.

Da matar babban ɗan Alhaji ta haifi namiji, Alhaji ya zo gidanmu da kansa bayan sallar la'asar. Ɗan nasa injiniya ne, ya yi karatu a waje, yana aiki da wani kamfani. Na kai musu shayi na koma bayan labule, inda nake jin komai. Raguna biyu za a yanka, in ji Alhaji, ɗaya mata su dafa da shinkafa, ɗaya kuma gaba ɗayansa babanku zai mayar tsire. Babanku ya yi ta godiya, domin a cikin masu wuta na unguwar shi aka zaɓa. Alhaji ya kurɓi shayi, ya ajiye, sannan ya ƙara maganar da na tabbata kafin ya kai bakin titi ya manta ya yi ta.

“Amma Malam Idi, shuf, duba, baƙin yaron nan manya ne, ya'ani mutanen kamfani, sun ga duniya. A ɗan gyara abin. Kar a cika musu irin namu na Takari, su koma suna tari.”

“Tayyib, to, Alhaji. Za a gyara in Allah ya so.”

Alhaji ya tafi, babanku ya zauna yana juya kofin shayi a hannunsa har ya huce. Mutumin da bai taɓa tambayar kowa yadda ake gashi ba, ranar ya tambaye ni, wai a ganina me manya ke ci. Na ce ina zan sani, ni da ban taɓa zama da su ba.

Ana jibi suna ya shigo da kwali a kafaɗa, yana murmushin da ban san shi da shi ba. Ashe ya shiga sabon kantin nan na hanyar Aƙiƙ, ya yi ta zagayawa shi kaɗai, har ya ga an jibge kwalabe a bakin ƙofa, da babbar alama ja a kansu ta tahfid. Babu mai saya a unguwar, shi ya sa aka karya su. A jikin kowace kwalba akwai hoton nama a kan wuta, ja wur yana ƙyalli. Ya tambayi mai kantin, aka ce masa wannan shi Turawa ke gasa nama da shi. Shi ne abin da jikokina ke kira barbikyu yanzu, suna tsiyaya shi a kan komai. Ya jera kwalaben a tabarma kamar mai shirin buɗe kanti.

“Uwar Sani, zo ki gani. Abin manya ne, kuma Allah ya sa na tarar da shi cikin rahusa.”

Na buɗe ɗaya na lakata da yatsa. Zaƙi kamar an dama dabino, ga tsami, ga wani ƙauri na hayaƙin da ba na itace ba.

“Malam, wannan ai zaƙi gare shi. Nama da sukari?”

“Haka suke so. Ke kin fi su sani ne?”

“To a gwada da ɗan tsinke ɗaya mana tukuna.”

“Ni za a koya wa wuta? Tun ba ki san Madina ba nake gashi.”

Na ƙyale shi. In faɗa muku gaskiya, ban ƙyale shi don ladabi kaɗai ba. Kwalaben sun burge ni. Na ɗauki ɗaya na juya ta a haske, na ji a raina cewa yau mu ma mun shiga sahun mutane. Ya ce kar in wahalar da kaina da daka, na ji daɗi, na kife turmi.

Ranar suna tun da hantsi muka isa gidan Alhaji a Al-Khalidiyya. Maza suna rumfar da aka kafa a gaban gida, mata muna ciki, babanku kuma ya gina tukubarsa a lungun baya, dab da ƙofar kicin. A irin wannan taro ni ce kan tsaya a kan tukunya, domin matan unguwa sun yarda da hannuna. Ba a saka gishiri sai an kira ni. Ta ƙofar nan na riƙa hango shi. Ya yi wa miyar kwalba abin da ya saba yi wa yaji, abin da ubansa da kakansa suka koya masa: nama ba ya ganin wuta sai ya sha haɗi tukuna. Ya juye kwalaben duka a babban daro, ya tsoma kowane tsinke har ya nutse, ya bar su suka jiƙu. Da aka idar da azahar ya kakkafa su gaba ɗaya kewaye da garwashi, don su fito tare da shinkafa. Shi bai sani ba, ni ban sani ba, cewa abin nan sai nama ya kusa nuna ake shafa shi sama-sama. Garin ƙuli yana jure wuta, yana ma son ta. Sukari ba ya jurewa.

Warin ne ya fara shigowa. Ba ƙamshin tsire ba, wani ɗaci mai kama maƙogwaro, kamar an manta da alewa a kan murhu. Hajiya Kaltume, uwar gidan, ta ɗaga hanci ta ce wa ya bar tukunya ta kama. Na ja mayafi na leƙa. Na tarar da babanku yana zagaya tukuba da gudu, yana cizge tsinkaye yana juyawa, miyar tana ɗiga a garwashi wuta na tashi. Duk wanda ya ciro ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, in ya tsaga kuma cikin ja ne, ɗanye. Ya kankare ɗaya da wuƙa, ya kai baki, ya tofar. Rago guda, ragon sunan jikan mutumin da ke riƙe da mu. Ya tsaya da wuƙar a hannu, gumi na zuba daga gemunsa, ya dube ni. Na zauna da mutumin nan shekara da shekaru, na gan shi cikin rashi da ciwo, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Kamar yaron da aka tsare a kasuwa.

Hayaƙin ya kai rumfar maza. Sai ga Alhaji ya zagayo, da ɗansa injiniya a bayansa, da wasu dattawa biyu. Ya dubi tukuba, ya dubi kwalaben da ke zube a gindin bango.

“Esh hada, Malam Idi? Mene ne wannan? Ragon yaron kenan?”

Babanku ya sunkuyar da kai. Na san abin da zai biyo baya. In ya ce shi ya yi, kafin magariba duk Takarin Madina sun ji cewa Idi mai tsire ya ƙona ragon suna, kuma babu mai sake miƙa masa ko kan akuya. In kuwa ya ce Alhaji ne ya ce a gyara, ya kunyata maigidansa a gaban baƙi, wannan ta fi muni. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Daga bayan ƙofa na ji muryata ta fita, da ƙarfi, irin yadda mace ba ta yi a gaban maza.

“Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne. Ni aka bar wa dakan yaji ban daka ba. Na ga abin nan ana tahfid na kwaso, na jiƙa naman a ciki kafin Malam ya juyo. Da ya gani aikin gama ya gama.”

Na ji ɗaya daga cikin dattawan ya yi ƙaramar dariya ta hanci. Alhaji ya sauke numfashi, kuma wallahi na ji sauƙi a cikin muryarsa, domin ya sami inda zai ajiye abin ba tare da ya taɓa mutuminsa ba.

“La haula. Aikin mata kenan, in sun ga rahusa hankali ya tafi. Halas, ya wuce, Malam Idi, Allah ya ba ka haƙuri. A fito da shinkafa.”

Babanku bai ce uffan ba. Na jira ya ce wani abu, ban san me ba, ko da tari ne. Ya sunkuya yana tsince tsinkaye.

Da na juyo ciki, ashe duk matan sun taru a bayana, sun ji komai. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Hajiya Kaltume ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya da linzami, kuma ragon jikanta ne. Ta riƙe haɓa ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Ke da muke cewa a tambaye ki gishiri? Ashe Hajiya Tahfid ce muke zaune da ita ba mu sani ba!”

Aka kwashe da dariya, har da 'yan matan da nake koya wa tuƙa tuwo. Wata ta karɓi ludayin daga hannuna a hankali, wai in je in huta. Na zauna a lungu kusa da buhunan shinkafa, ina jin ana raba abinci ba a kira sunana ba. Can na jiyo injiniya a bakin ƙofa yana gaya wa uwarsa cewa abokan aikinsa suna tambaya ina siriyar da ya yi ta ba su labari, wai saboda ita suka zo, mai yajin nan da ke sa hawaye. Wannan ita ta fi ƙona ni. Abin da muke rufe taga muna ɓoyewa, shi mutane suka tako suka zo nema. Na rufe fuskata da mayafi na yi kuka, ba don dariyar mata ba, don kunyar abin da ni da babanku muka mayar da kanmu.

Muka koma gida ni da babanku. Ya ajiye wuƙaƙensa, ya yi alwala, ya fita masallaci tun ba a kira ba. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗaki, bai shigo ba.

“Uwar Sani, gobe zan je in gaya wa Alhaji.”

“Ka gaya masa me? Cewa matarka maƙaryaciya ce ma bayan son banza? Na riga na faɗa, Malam. Ka bar ni da abin kunya guda ɗaya.”

Ya juya ya tafi. Washegari na ɗauko turmi, na buɗe tagogin gidan duka, na daka yaji har maƙwabciyarmu ta leƙo tana atishawa tana dariya.

Rumfa ta tsira. Mutane ma tausayin babanku suka riƙa ji, ana cewa gwani ne amma Allah ya haɗa shi da mata mai son araha. Alhaji ya ci gaba da ba shi aiki, da ita rumfar aka yi karatunku, da ita aka yi aurenku. Ni kuwa ba a sake kirana kan tukunyar biki ba. In na je sai a ba ni yankan albasa ko wankin faranti, a ce a dai sa ido kar Hajiya ta gano wani tahfid ɗin. Na koyi yin dariya tare da su, domin in ka riga mutane dariya sukan gaji da wuri. Waɗannan ba su gaji ba. Abin da ban koya ba shi ne yadda zan tsaya a Harami in ɗaga hannu ban tuna cewa na yi ƙarya da babbar murya a garin Manzon Allah ba. Na yi istigfari iya yina. Wani lokaci kuma, ba zan ɓoye muku ba, nakan ji haushin babanku ya taso mini, in tuna yadda ya sunkuya yana tsince tsinkaye. Sai in tuna ni na hana shi zuwa, sai haushin ya rasa wurin zama.

Sau ɗaya ya so ya fasa maganar. A walimar auren Sani ne, kuna zaune duka, wani ya tayar da labarin ana ta dariya. Na ga ya gyara zama, ya ce, “Ku tsaya, wannan magana akwai abin da ba ku sani ba.” Na tura masa kofi na ce, “Malam, shayinka zai huce.” Ya dube ni, ya ɗauki kofin. Ya zubar da shayin a kan tufarsa, kuka ce tsufa ne.

Akwai abin da kuka gani kullum ba ku san tushensa ba. A al'adar masu tsire, tsinken farko da ya nuna mai wuta ne ke ɗanɗana shi, don ya ji gishiri da yaji kafin ya sayar wa kowa. Babanku bai taɓa ba wani wannan tsinken ba, ko ubangidansa. Amma tun daga ranar da ya koma rumfa bayan sunan nan, da tsinken farko ya nuna sai ya naɗe shi a takarda, ya bar masu saye a tsaye, ya tako har gida ya miƙo mini ta ƙofar kicin. Ba ya cewa komai, sai dai, “Ji mana gishirin.” Ku kuna tsokanarmu, kuna cewa Baba da Ummi soyayya ba ta tsufa. Akwai soyayya, ban musa ba. Amma duk ranar da ya miƙo takardar nan ba ya iya haɗa ido da ni, ni ma ba na iya haɗa ido da shi. Shi yana jin kunyar shirun da ya yi, ni ina jin kunyar na san yana ji. Haka muka yi ta miƙa wa juna har ƙafarsa ta gaza, ya koma aikowa.

Bayan an share zaman makokinsa, Sani ya sake hura tukubar, tunda shi ya gaji rumfar. Ina zaune da la'asar, cikin takaba, na ji an ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Na buɗe na ga Sani da takarda a hannu, man gyaɗa ya ɓullo ta jikinta.

“Ya Ummi, Baba ya ce ko bayan ransa kar a fasa, na farko naki ne. Na tambaye shi dalili, ya ce in tambaye ki in kin ga dama.”

Na karɓa, na rufe ƙofa, na ci a tsaye ina hawaye, kuma gishirin ya yi daidai. To, Sani, ga dalilin.